Kunnen Baba Ƙanƙara

Tun yana ɗan shekara ashirin ake kiransa Ƙanƙara, saboda a gidan ƙanƙara ya fara aiki. Furfura ce ta zo daga baya ta ƙara masa Baba a gaba. An ɗauke shi ne don ya riƙa tura wa masu kifi da masu lemo kaya a baro, amma duk lokacin da aka neme shi sai a same shi tsugune a bayan gini, kusa da babban kwampreso, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma. Wata rana ya ce wa mai gidan, "Injin nan ba zai kai ƙarshen mako ba." Mai gidan ya ce ya je ya ji da baronsa. Kwana uku tsakani injin ya tsaya cak. Daga ranar aka raba shi da baro.

Ya koyi gyaran firji, ya buɗe ɗan shago a bakin titi tsakanin wani tela da mai faci. A nan ya yi aure, a nan aka haifa masa 'ya'ya uku. In an kawo masa firji ba ya gaggawar kwance shi. Sai ya jona shi da wuta, ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru, tela ma ya ɗauke ƙafa daga kekensa, sannan ya faɗi ciwon tun bai taɓa sifana ba.

Gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne ya kai shi jami'a. Ya gama zai fita, sai ya ji wani famfo yana aiki a bayan wata ƙofa. Ya leƙa ya ce wa mutumin da ke ciki, "Malam, robar famfon nan ta saki, yana shan iska." Mutumin ya yi wata biyu yana neman inda matsalar take. A lokacin ƙaramin malami ne, yanzu kuwa kowa Farfesa yake ce masa. Shi ya tsaya kai da fata har aka ɗauki Ƙanƙara aiki, kuma shekara ashirin da uku ke nan suna tare.

Ɗakin da yake kula da shi yana can ƙasan bene, ba taga, sai ɗan gilashi a jikin ƙofa. A bakin ƙofar akwai akwatin katako inda kowa ke ajiye wayarsa kafin ya shiga, har da Farfesa. A tsakiyar ɗakin wani farin durom ne rataye a jikin ƙarafa. Firji ne shi ma, sai dai sanyin da ke gindinsa ba a samun irinsa ko'ina a doron ƙasa, kuma mako guda cur yake ɗauka kafin ya kai can. Famfunan da ke juya gas ɗinsa suna wani ƙaramin ɗaki a gefe, an ɓula bango an zuro tiyo. Duk wannan hidima saboda ɗan wani faifai ake yinta, wanda bai fi farcen ɗan yatsa ba, da ke maƙale a can ƙasan durom ɗin.

Ya daɗe yana ba faifan sanyi ba tare da ya san me yake yi ba, sai da Tabarau ta zo. Ɗalibar Farfesa ce mai neman digirin dakta, 'yar siririya, gilashin idonta kauri kamar gindin kwalba. Wata rana da suna jiran ma'auni ya sauka ta ɗauki kwandala ta murza a kan tebur.

"Baba, yanzu wane gefe ne a sama?"

"Ai tana juyi. Ba gefe."

"Ko kuma duka biyun. To a jikin faifan nan akwai 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace tana iya zama haka, ba nan ba can. Shi ne ilimin kwantum da kake ji muna ambata. Ni kuma ƙulla su nake yi, su huɗun, har juyin kowace ya dogara da na sauran. Muddin ba abin da ya taɓa su, ƙullin yana nan da tsarkinsa. Amma ɗan zafi, ko girgiza, ko wata iskar rediyo da ta ɓata hanya..." Ta buga teburin da yatsa, kwandalar ta yi tangal-tangal ta faɗi. "Shi ke nan, sun gauraya da hayaniyar duniya. Aikina in auna tsawon lokacin da suke jurewa."

"Ni kuma aikina in hana a buga tebur," in ji shi.

Lokacin da ƙwayoyin ke jurewa bai kai ƙiftawar ido ba. Sai an raba sakan ɗaya gida miliyan sannan a ƙirga shi da waɗannan gutsattsarin. A ɗakin ba mai wahalar da bakinsa, sai dai a ce ɗari, ko ɗari da hamsin. A farkon shekarar nan Tabarau ta sami ɗari uku. Mako uku a jere tana aunawa, lambar tana nan daram a allon kwamfuta. Farfesa ya sa hannu aka aika da sakamakon, har daga wasu jami'o'i ana bugo waya.

A gida kuwa wani abu ne daban yake faruwa. Matarsa ce ta fara lura. Zai ƙure rediyo har maƙwabta su san labaran duniya kyauta. Za ta kira shi daga ƙofar kicin sau uku, yana zaune yana gyara wa jikarsa takalmi, ko waiwaye babu.

"Baban Auta, da can kunnen ƙashi gare ka," ta ce masa, "yanzu ko na ƙashin ma na rasa."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya riga ya sani. Shekara kusan arba'in a ɗakunan injuna sun ci abin da za su ci. A ɗakin famfuna, inda da yake rarrabe muryar kowane inji kamar muryoyin 'ya'yansa, yanzu wani gunji kawai yake ji, dunƙule guda. Ya kan shiga kowace safiya ya tsaya, ya karkata kai yadda ya saba, ya fito ya ce lafiya lau. Ba wanda ya taɓa tambayarsa sau biyu.

Auta, ƙaramar 'yarsa, nas ce, kuma ba ta iya lallashi ba. Ta ɗauki hutun yini guda ta sa shi gaba har asibitin kunne. Aka ba shi 'yan na'urorin ji guda biyu, kowace kamar ƙwayar wake, ana tura su cikin kunne, ana daidaita ƙararsu ta waya. Ranar da ya sa su ya ji ƙarar takalminsa a kan siminti, har ya waiga ya ga wa ke binsa. Ya roƙi matarsa da Auta kada su faɗa wa kowa. Mutumin da aka ɗauka aiki saboda kunnensa, in aka ji kunnen ya tafi, me ya rage? Dama kullum da hular sanyi yake shiga ɗakin gwaji, sai ya ƙara janyo ta ƙasa.

Cikin waɗannan watanni ne lambar Tabarau ta fara zamewa. Daga ɗari uku ta koma ɗari biyu da hamsin, ta koma ɗari biyu, ta zo ta tsaya wajen ɗari da ashirin. Sannan wani sabon abu ya ɓullo. Lambar tana tafiya salin alin, sai kawai ta rikito zuwa arba'in, ta daɗe a can, ta sake hawa. Ta canza wayoyin lantarki, ta canza kwamfuta. Ta zargi lif ɗin ginin, ta zargi masu walda a wancan sashe. Baba Ƙanƙara ya ga yadda take ramewa, tausayi ya kama shi, ya rage zama a ɗan shagon gyaran da jami'a ta ba shi a ƙarshen baranda ya dawo yana wuni a gefenta, yana riƙe mata fitila, yana miƙa mata kaya. Abin sai ƙara lalacewa yake yi.

Wani ɗakin gwaji a wata ƙasa ya rubuto cewa sun bi hanyarta ba su sami ko rabin abin da ta samu ba. Jami'a ta kafa kwamiti na mutum uku, aka ce ranar Juma'a za su sauko su gani da idonsu. Ba wanda ya furta kalmar a gabanta, amma a baranda ana ta faɗa ƙasa-ƙasa, cewa yarinyar ƙirƙirar lambobin ta yi.

Ranar Lahadi da rana Auta ta zo gida. Yana cin abinci ta ɗauki wayarsa tana duba na'urorin.

"Baba, batirin abin nan yana saurin ƙarewa. Kana yin nisa da wayar ne?"

"A akwatin bakin ƙofa nake barinta. Doka ce."

"To shi ya sa. In bai ji wayar a kusa ba, kiranta yake ta yi, ba ya hutawa."

"Kira da me?"

"Ta iska mana, kamar rediyo. Ba ka ji, amma yana yi."

Ya ajiye cokalin. Matarsa ta tambaye shi ko gishiri ne ya yi yawa, ya ce a'a. Bai ƙara kai loma ba.

Litinin da safe ya tsaya a wajen ƙofa yana leƙen allon ta gilashi. Ɗari da goma sha takwas. Ɗari da ashirin da biyu. Ya ajiye waya a akwati ya shiga, ya je ya tsaya inda ya saba tsayawa, kusa da kantar da wayoyin firjin suke taruwa. Bai kai ga ƙirga ashirin ba lambar ta faɗo. Arba'in da uku.

"Ka gani ko, Baba," in ji Tabarau, ba ta ko ɗago ba. "Ya sake."

Ya ce bari ya ɗauko sifana. Daga waje ya sake leƙawa, ya ga lambar tana hawa a hankali.

Ya koma shagonsa ya rufe ƙofa, ya zare na'urorin ya sa a gwangwanin kusoshi ya tura cikin durowa. A ransa ya ce an gama, ba sai kowa ya sani ba. Ya koma ɗakin gwaji cikin shiru kamar wanda aka dulmiya kansa a ruwa. Duk abin da ta faɗa sai ya kalli bakinta ya gyaɗa kai. Sau ɗaya ta ce ya miƙo mata almakashi ya miƙa mata tef, ta dube shi ta saman gilashi, ta miƙe ta ɗauko da kanta. Sauran yinin lambar ba ta sake rikitowa ba ko sau ɗaya. Talata ma haka. Amma ba ta wuce ɗari da ashirin ba.

A gida matarsa ta ga yana juya abinci a kwano, ta zauna kusa da kunnensa ta ce ya faɗa mata. Ya faɗa mata.

"Yarinyar ta sani?"

"Ai na cire su. Matsalar ta wuce."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Da Auta ce ake wa wannan kallon a wurin aikinta, kuma akwai wani dattijo a gefenta da ya san dalili ya yi gum, me za ka kira shi?"

Ya ture kwanon gefe. Ta kwashe kwanukan.

Laraba da hantsi Farfesa ya sauko da takardu a hannu, fuska a haɗe. Baba Ƙanƙara yana gefe yana duba ma'aunin gas, ba ya jin ko kalma ɗaya. Ya ga Farfesa ya baza takardun yana nuna ramukan da lambar ta riƙa faɗawa, sannan ya nuna layin kwana biyun nan da ya miƙe sumul. Ya ga ya ɗaga yatsu biyu. Daga baya ne ya ji abin da aka faɗa: wai wata biyu abu yana tsalle-tsalle ba dalili, amma daga ranar da aka sa ranar kwamiti sai ya natsu, to hannun wa ke kan lambobin nan? A lokacin dai abin da ya gani shi ne Tabarau ta cire gilashi ta goge ta mayar. Sannan ta zaro makullin ɗakin daga jakarta ta ajiye a kan tebur.

Ya fita da sauri har yana tuntuɓe da akwatin wayoyi. Ya dawo da gwangwanin kusoshi a hannu.

"Ranka ya daɗe, ku dubi allo," ya ce. Bai san da ƙarfi ya yi maganar ba sai da ya ga sun zabura.

Ya juye na'urorin biyu a tafin hannunsa ya ajiye su a kan kantar wayoyin firji. Su ukun suka zuba wa allon ido. Ɗari da goma sha tara. Tamanin. Arba'in da ɗaya. Ya kwashe su ya kai ƙarshen baranda ya dawo, lambar ta hau. Ya sake kawo su, ta sake faɗowa. Sai ya cire hularsa, ya tura su a kunne a gabansu.

"Kunnena ya tafi, ya fi shekara. Wata biyu ke nan ina sa waɗannan a ɓoye. Ramukan nan duka ni ne. Yarinyar nan ba ta taɓa komai ba."

"Yaushe ka gane?" in ji Farfesa.

Ƙarya tana nan kusa, da ya ce yau da safe ba mai musa masa. "Shekaranjiya," ya ce.

Tabarau ta juyo ta dube shi. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi a kan kallon nan.

Farfesa ya daɗe yana murza goshi. "To, ramuka sun sami mai su. Amma ɗari da ashirin ba ɗari uku ba ne. Jibi mutanen nan za su tambaye ni ina sauran, kuma ba ni da amsa."

Baba Ƙanƙara ya tsaya da hula a hannu. Wani tunani ya zo masa wanda ya fi na farko ɗaci. In har matarsa tana kiransa sau uku bai ji ba, me kuma ya daɗe yana kiransa a ginin nan? Ya wuce ɗakin famfuna. Da na'urorin a kunne ƙarar ta zame masa kamar ana zuba tsakuwa a kwano, ba ya rarrabe komai, sai ya zare su ya sa a aljihu. Ya ɗauko doguwar sukundireba, ya kafa bakinta a jikin famfo na farko, ya ciji ƙotar da haƙoransa, ya rufe ido. Motsin injin ya bi ƙarfen ya shiga ƙashin kansa, santsi, ba gargada. Na biyu ma haka. A na uku, babban famfon da ke juya gas, ya ji shi: wani ɗan ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin juyin, kamar yashi a cikin shinkafa. Boris, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da injin ke juyawa a kai, ya cinye. Ya ɗora hannu a kan tiyon da ya ratsa bango zuwa firji, ya ji girgizar tana bi ta ciki, siririya, wadda ido ba ya gani. Irin wannan cin ba na mako ɗaya ba ne. Da kunnensa na da, tun watan farko zai kama shi daga bakin ƙofa.

Ya fito ya faɗa musu, bai rage komai ba.

Akwai sabon famfo a sito, amma sauya shi firji yana cikin sanyi ba wasa ba ne. In gas ya daina juyawa fiye da minti goma sha biyar, zafi zai hau, sai an ɗumama firjin gaba ɗaya a sake sanyaya shi, mako guda ke nan, kwamiti kuwa jibi ne. In kuma iska ta kutsa yayin haɗawa, za ta daskare ta toshe wani bututu mai sirin gashi a can ciki, ƙarshenta dai ɗaya ne. Farfesa ya tambaye shi ko zai iya.

"Na taɓa yi sau ɗaya, da mutum huɗu."

"Yanzu mu uku ne."

Sauran yinin ya tafi a shiri. Ya jera sifanu a ƙasa bi da bi, ya goge sababbin robobi ya shafa musu mai, ya sa Farfesa ya gwada ɗaure maɗauri sau biyar a kan tsohon bututu. Tabarau ta ɗauki makullinta ta mayar jaka. In magana ta kama tsakaninta da shi, sai ta faɗa wa Farfesa shi ya isar.

Alhamis ƙarfe tara na safe suka fara. Da yake ba zai ji kira a cikin ƙarar sauran injuna ba, Tabarau ta tsaya a bakin ƙofa da kwali da alƙalami mai kauri, tana rubuta minti da zafin firji tana ɗagawa. Ya rufe bawul na farko da ke tsare hanyar gas, ya rufe na biyu, ya kashe famfon. Minti ɗaya. Suka kwance maɗaurai, shi na gaba, Farfesa na baya. Tsohon famfon ya fi yadda ya tuna nauyi, suka ja shi yana kartar siminti, bayansa ya amsa amma bai saki ba. Minti huɗu. Suka turo sabon, ƙafarsa ɗaya ta ƙi hawa mazauninta, sai da ya sa ƙarfe ya ɗaga. Minti shida. Kowa ya ɗaure gefensa. Ya kunna ƙaramin famfon da zai zuƙe iskar da ta shiga mahaɗar, ya kafa wa allurar ma'auni ido.

Allurar ta sauka, ta sauka, ta tsaya a tsakiya.

Ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ba ta motsa ba. Iska tana shiga ta wani wuri. Kwalin Tabarau ya ce tara, kuma lambar zafin da ke ƙasa ta ninka. Da can da ya sunkuya kawai zai ji ɗan tsakin da iska ke yi, ya san gaba ne ko baya. Yanzu mahaɗa biyu ne a gabansa, lokacin kuma na kwance ɗaya ne kawai. Zufa ta gangaro masa cikin ido. Ya shafa maɗaurin gaba da yatsu, zagaye, daidai yake. Ya miƙa hannu ta bayan famfon ya shafa na Farfesa. A ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya tudu, kamar kaurin farce.

"Ranka ya daɗe, matsa."

Farfesa ya matsa har yana buge kai da bututu. Baba Ƙanƙara ya kwanta a ƙasa ya kwance maɗaurin. Robar ta karkace, bakin maɗaurin ya cije ta a gefe ɗaya. Ya zare ta ya jefar, ya laluba ya ɗauko wata, yatsunsa suna santsi da mai, ta kuɓuce ta faɗi a ƙirjinsa. Ya ɗauka ya goge a rigarsa ya zaunar da ita da manyan yatsu biyu. Sha biyu. Ya ɗaure, ya sake kunna ƙaramin famfon. Allurar ta wuce tsakiya, ta ci gaba da sauka a hankali kamar mai jin kunya. Ya ƙi buɗe bawul sai ta kai ƙasa, duk da Farfesa yana taɓa masa kafaɗa yana nuna agogo. Sha huɗu. Ta kai. Ya kunna sabon famfon, ya buɗe bawul ɗaya, ya buɗe ɗayan.

Daga nan sai jira. Zafin ya ƙara hawa kaɗan, ya tsaya, ya daɗe a tsaye har Farfesa ya fita baranda ya dawo sau uku, sannan ya fara sauka. Baba Ƙanƙara ya zauna a kan tsohon famfon.

Sai bayan ƙarfe uku firjin ya koma sanyinsa. Bai shiga ɗakin ba, a waje ya tsaya yana kallo ta gilashin ƙofa. Tabarau ta ƙulla ƙwayoyinta ta fara awo. Ɗari biyu da goma. Ɗari biyu da saba'in. Ɗari biyu da casa'in da shida. Ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna motsi. Farfesa ya tsaya a bayanta ya rasa inda zai sa hannunsa, can ya ce wani abu, ta gyaɗa kai ba ta ɗago ba.

Kwamiti ya zo Juma'a, suka wuni, suka sa aka maimaita awon sau da dama, har ɗayansu ya nemi a kawo na'urorin kunnen ya ga faɗuwar da idonsa. Suka rubuta cewa sakamakon gaskiya ne. Waɗancan na wata ƙasar ma daga baya suka gano tasu hayaniyar.

Shi kuwa an ba shi takardar gargaɗi, ta farko a shekara ashirin da uku. Farfesa da kansa ya miƙa masa a ofis, ya ce, "Da ka faɗa mini tun bara, da tare za mu je asibitin." An liƙa wa kowane famfo ɗan ma'aunin girgiza mai nunawa a kwamfuta, an kuma sama masa na'urar ji wadda ba ta kiran kowa.

Tabarau ta yi kwana goma sha ɗaya ba ta ce masa komai ba bayan gaisuwa. A rana ta goma sha biyu ta same shi a shago yana fasa tsohon famfon.

"Baba, ban ga laifinka a kan kunne ba. Ciwo ne. Kwana biyun nan ne suka tsaya mini. Kana gefena, kana ganin yadda nake."

"Tsoro ne, 'yata. Ba ni da wani abin da zan ce."

Ta daɗe tana kallon boris ɗin da ya ciro, ta ɗauka ta juya shi a yatsa, yana ƙaras-ƙaras. "Mahaifiyata ta yi kwana uku ba ta ci abinci ba," ta ce. Ta ajiye shi ta fita. Washegari ta kawo masa wata waya da ta tsinke ta ce ya duba mata, daga nan magana ta dawo, ko da yake ba ta koma kamar da ba sai a hankali.

Ya ƙara shekara biyu a ɗakin, har ya ga ta karɓi digirinta, jami'ar kuma ta riƙe ta a matsayin malama. Sannan ya ajiye aiki da kansa, don bayan da ya amsa ranar sauya famfo bai sake barinsa ya sunkuya yadda yake so ba. Yanzu yana gida, shi ke kai jikoki makaranta ya ɗauko su, kuma Auta ta sa shi dole yana zuwa asibiti a gasa masa baya duk ranar Talata.